Eriyar GPS Ta Koma Cikin Na'ura: Riba da Hasarar Matuƙan Jiragen Ruwa

Shekaru ashirin da suka wuce, wanda ya sayi na'urar GPS don jirgin ruwansa galibi sai ya haɗa da eriya daban, wata farar aba mai kama da kifaffen kwano. Sai ya ɗaure ta a kan rufi, ya huda jirgi, ya ja waya har gaban matuƙi. Yau akasarin na'urorin taswira da Garmin da Raymarine da Lowrance da Simrad ke sayar wa masu ƙananan jirage da eriyarsu a ciki suke zuwa. A jona wuta, a ɗan dakata, jirgi ya bayyana a allo.

Siginar ba ta ƙara ƙarfi ba. Taurarin ɗan'adam na GPS suna shawagi ne a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kafin saƙonsu ya iso nan ya galabaita ƙwarai, kuma sai na'ura ta kama aƙalla huɗu kafin ta faɗi inda take. Kunnen na'urar ne ya ƙara kaifi. Tun tsakiyar shekarun 2000, da fitowar ƙwayoyin lantarki na GPS irin su SiRFstarIII, aka fara kama siginar da a da ba a jin ta sam, kasuwar wayar hannu kuma ta karya farashinsu. Taurarin ma sun yawaita. Bayan na Amurka akwai GLONASS na Rasha, Galileo na Turai ya fara aiki a 2016, BeiDou na Sin ya game duniya a 2020. Idan rufi ya tare rabin sama, sauran rabin ya wadatar.

Ribar farko a bayyane take: kuɗi sun ragu, ba huda, ba ɗigar ruwa. Ta biyun ta fi nauyi, duk da ba a cika ambatonta ba. Waya da mahaɗinta su ne lagon eriyar waje, domin su rana ke duka, su gishirin teku ke ci, su ake takawa. A ranar 10 ga Yuni, 1995, jirgin fasinja mai suna Royal Majesty, ɗauke da mutum fiye da 1,500 daga Bermuda zuwa Boston, ya kafe a rairayi kusa da tsibirin Nantucket. Binciken hukumar kula da lafiyar sufuri ta Amurka ya gano cewa wayar eriyar ce ta cire. Na'urar ba ta mutu ba, sai ta koma lissafin ƙiyasi daga gudu da alƙibla, ma'aikata kuma suka ci gaba da gaskata allo har jirgin ya kauce wa hanya da mil 17. Eriyar da ke cikin na'ura ba ta da wayar da za ta cire.

To amma tata matsalar daban ce, kuma jikin jirgi ne ke yanke hukunci. Sigina na ratsa faiba da gilashi da tamfol da katako marar kauri ba tare da asara mai yawa ba. Ƙarfe da alminiyam da zaren kabon kuwa bango ne. Na'urar da aka binne a cikin teburin matuƙi, a ɗakin da rufinsa ƙarfe ne, ta tagogi kawai take leƙen sama. Taurarin da take gani sun taru a gefe guda, wani saƙon ma sai ya bugi bango ya dawo kafin ya iso gare ta, ya zo a makare. Allo ba zai yi duhu ba. Jirgi zai ci gaba da bayyana, sai dai yana 'yar rawa, gudun da ake nunawa yana hawa da sauka, ƙararrawar anga ta tashi mutum tsakar dare alhali jirgi bai motsa ba. A tsakiyar teku kuskuren mita goma ba ya hana barci. A ƙunƙuntar mashigar tasha, cikin hazo, magana ce babba.

Masu komawa ga eriyar waje su ma sukan yi wani kuskure: ɗaukarta kamar eriyar rediyon VHF, wadda tsawo ke ƙara wa zango. GPS ba ya neman tsawo, sarari yake nema. In aka kai eriya ƙololuwar sandar jirgi, duk tangaɗin da igiyar ruwa ta jawo sai ya ninka a can sama, lissafin gudu da alƙibla ya rikice. Gara a sa ta ƙasa-ƙasa, inda babu abin da ya rufe ta, a kauce wa bakin rada, a bar tazarar kamar mita guda tsakaninta da eriyar rediyo.

Wani abu kuma ya rage zafin gardamar eriyar ciki ko ta waje. Yawancin “eriyoyin” waje na yanzu cikakkun na'urori ne masu yin lissafinsu da kansu, su tura sakamako ta layin NMEA 2000 zuwa kowane allo da matuƙin atomatik. Mai jirgi na iya ɗora ta waje a matsayin babba, ta ciki ta zauna a ajiye. A ganina wannan shi ne daidai ga duk jirgin da ke kwana a teku, da sharaɗin a tabbatar na'urar tana yin ƙara idan ta sauya tushe ko ta rasa taurari, kada a maimaita na Royal Majesty.

Buɗaɗɗen jirgin faiba na masu kamun kifi ba ya bukatar wannan ɗawainiya, ta ciki ta ishe shi. Haka kwale-kwalen katako a Yawuri ko tafkin Chadi, inda wayar hannu ma ke kama taurari ba wahala, ko da yake can damuwar ta taswira ce, tunda rairayi da ciyayi kan sauya wuri daga damina zuwa damina. Mai jirgin ƙarfe ko alminiyam mai rufaffen ɗaki kuwa ya sayi ta waje tun farko. Wanda ke tsakani, kafin ya yanka teburinsa, ya riƙe na'urar a gurbin da yake son kafa ta, ya rufe ƙofofi da tagogi, ya kunna rada, ya buɗe shafin taurari ya duba yawansu da ƙarfinsu, sannan ya fita da ita fili ya gwada bambancin.