Malaman Najeriya a Yuganda: Makon Farko

Tun 1987, zamanin Babangida, Najeriya ke tura ƙwararru aikin sa-kai zuwa ƙasashen Afirka, Karibiyan da Fasifik ƙarƙashin shirin TAC. Wa'adin shekara 2 ne. Najeriya ke biyan alawus, ƙasar da ta karɓi baƙo ta ba shi masauki.

Jami'ar Musulunci ta Yuganda da ke Mbale, gindin Dutsen Elgon, ta sha karɓar malamai ta wannan shirin. Tun kafin sabon zuwa ya shiga aji, titi ke fara ɗaure masa kai: ta hagu ake tuƙi, sai ya waiga inda mota ba ta fitowa. Ɗan acaɓa, boda-boda ake ce masa. Mai marmarin tuwo kuwa matoke zai tarar, wato ɗanyar ayaba da aka turara cikin ganyenta aka tuƙe.