Ko bindigar fam-akshan za ta iya jure harsashin Magnum?

Matsalar 'yan bindiga a gabashin jihar Sakkwato ta sa bindigar farauta ta zama abin da ake gani a hannun 'yan banga da maharba masu gadin ƙauyuka. Sai dai kuma akwai wani hatsari da ba a cika magana a kansa ba, wato na sanya wa bindiga harsashin da ba nata ba, da nufin ƙara mata ƙarfi.

Ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, waɗanda ke ƙasar Gobir kusa da iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, na daga cikin yankunan da suka fi ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan fashin daji. A watan Mayun shekara ta 2020 an kashe mutane fiye da 70 a wasu ƙauyukan Sabon Birni, a watan Disambar 2021 kuma aka ƙona wata motar fasinja da mutane a cikinta a kusa da Gidan Bawa. Kazalika a shekara ta 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, wanda ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Tun daga 2019 dubban mazauna yankin suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi domin neman mafaka.

Masu iya magana dai kan ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Mutumin da ke riƙe da bindigar farauta, alhali abokin gabarsa na ɗauke da AK-47, ba abin mamaki ba ne in ya nemi harsashin da aka ce ya fi ƙarfi. Tambayar ita ce, bindigar tasa za ta jure shi?

Amsar a taƙaice ita ce: ya danganta da abin da aka rubuta a jikin bututun bindigar. Wata an ƙera ta ne domin wannan harsashi, wata kuwa sanya mata shi ganganci ne.

Yadda bindigar take

Fam-akshan bindigar farauta ce wadda ake jan mariƙinta na gaba zuwa baya a kuma mayar da shi gaba bayan kowane harbi. Jan farko ne ke fitar da kwanson da aka harba, na biyun kuma ya shigar da sabon harsashi. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 aka fara ƙera ta a Amurka, kuma ƙirar Winchester ta 1897 da ta Remington 870 da ta fito a 1950 na daga cikin waɗanda suka fi shahara.

Harsashinta ya sha bamban da na bindigar soja. Kwanso ne na roba ko takarda mai gindin ƙarfe, a cikinsa akwai albarushi da ƙwayoyin dalma masu yawa, waɗanda ke watsuwa idan sun bar bakin bindiga.

Mafi yawan irin waɗannan bindigogi masu lamba 12 ne. Lambar tsohon ma'auni ce ta faɗin bututu: idan aka raba dalma mai nauyin laba ɗaya, wato kimanin giram 454, zuwa dunƙule 12 daidai wa daida, kowane dunƙule zai cike faɗin bututun, wanda ya kai kimanin milimita 18 da rabi.

To amma faɗi kaɗai bai isa ba. Akwai kuma tsawon mazaunin harsashi, wato gurbin da ke gindin bututu inda harsashi ke zama kafin a harba shi. Wannan gurbi iri-iri ne: akwai mai milimita 65 a tsofaffin bindigogi, akwai mai 70, wato inci biyu da rubu'i uku, akwai mai 76, wato inci uku, sannan akwai mai 89, wato inci uku da rabi, wanda ya shigo kasuwa a 1988. Masu 76 da 89 ɗin ne aka fi sani da suna Magnum.

Inda hatsarin yake

Ƙa'idar da kamfanonin ƙera bindigogi suka yi ittifaƙi a kanta ita ce, gajeren harsashi na iya shiga dogon mazauni ba tare da matsala ba, amma dogon harsashi ba ya halatta a gajeren mazauni. Alal misali bindigar da aka rubuta mata 12/76 za ta harba mai 70 da mai 76. Wadda aka rubuta mata 12/70 kuwa, iyakarta mai 70.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne, tsawon da ake rubutawa a kwalin harsashi tsawon kwanso ne bayan an harba shi, bakinsa ya buɗe. Kafin a harba, bakin a naɗe yake, saboda haka harsashin ya fi haka gajarta. Wannan ne ya sa harsashi mai 76 ke shiga mazauni mai 70 salin-alin, bindiga ta rufe, mai ita ya ɗauka komai daidai ne.

Sai an taɓa kunama matsalar ke bayyana. Bakin kwanson na buƙatar sarari domin ya buɗe gaba ɗaya, amma sai ya tarar da wurin da mazaunin ya fara tsukewa zuwa bututu. A nan robar ke rage faɗin hanyar da dalma za ta bi, matsin hayaƙin albarushi ya ƙaru a daidai wurin da ke kusa da fuskar mai harbi da hannunsa.

Ba lallai ba ne bindigar ta fashe a harbin farko, kuma wannan ma wani tarko ne, domin wanda ya gwada sau ɗaya ya tsira zai ɗauka maganar ba ta da tushe. Sai dai ƙarfe na gajiya. Bututu na iya kumbura, makullin da ke riƙe harsashi na iya sassautawa, kwanso kuma na iya maƙalewa ya ƙi fita, musamman da yake tagar fitar da kwanso a irin wannan bindiga an yanka ta ne daidai gajeren harsashi. Ga wanda ke tsaye a bakin gari da dare, bindigar da ta cije ba ta da maraba da sanda.

Abin da alkaluma ke nunawa

Akwai hukumomi biyu da suka fi tasiri wajen tsara ma'aunin harsasai a duniya: SAAMI a Amurka, da kuma CIP mai mazauni a Beljiyam, wadda ƙasashen Turai da dama ke bin ƙa'idojinta.

A tsarin CIP, iyakar matsin harsashin lamba 12 na yau da kullum shi ne bar 740, na Magnum kuwa bar 1,050. Domin a gane girman wannan adadi, iskar tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce bar biyu da rabi ba. A ƙasashen da ke cikin wannan tsari, ba a sayar da bindiga sai an gwada ta da harsashi na musamman wanda matsinsa ya ɗara iyakar da kimanin kashi 25 cikin ɗari, sannan a buga mata hatimi a jikin ƙarfe.

A tsarin Amurka kuwa, iyakar matsin mai 70 da mai 76 ɗaya ce, yayin da ta mai 89 ta ɗara su da kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Wannan na nuna cewa kalmar Magnum ita kaɗai ba ta faɗin komai. Hasali ma akwai harsasai masu tsawon 70 da aka rubuta musu Magnum saboda an ƙara musu nauyin dalma. Abin dubawa shi ne lambar da ke jikin bututu, da wadda ke jikin kwalin harsashi, da kuma lafiyar bindigar kanta.

Bindigar da ba ta da rubutu

Duk wannan bayani ya shafi bindigar kamfani ce wadda aka san asalinta. A Najeriya kuwa da dama daga cikin waɗanda ke yawo a hannun jama'a ta ɓarauniyar hanya suka shigo. A shekara ta 2017 kaɗai Hukumar Kwastam ta kama bindigogin fam-akshan 2,671 a Legas, a kamu huɗu daban-daban, akasarinsu an yi lodinsu ne daga Turkiyya. A 2024 ma hukumar ta kama bindigogi 844 da harsasai 112,500 a tashar jiragen ruwa ta Onne da ke jihar Ribas.

Bindigar da ta bi hannuwa da yawa kan zo ba tare da takardar bayani ba, wani lokaci an goge rubutun jikinta, ko an sauya mata bututu.

Daura da haka akwai bindigogin ƙirar gida. Maƙeran ƙasar Hausa sun daɗe suna ƙera bindigar harbi-ka-ruga wadda ake ɗura wa albarushin gargajiya ta baki, daga baya wasu suka koma ƙera masu cin harsashin kamfani. Albarushin zamani ya fi na gargajiya matsi nesa ba kusa ba, kuma ƙarfen da ba a narka shi domin bindiga ba, ba a kuma gwada shi ba, babu wanda zai iya cewa ga iyakar abin da zai jure. A irin wannan bindiga ko harsashin yau da kullum kasada ne, balle Magnum.

Haka nan harsashin da aka sake cikawa da hannu: lambar da ke jikin kwansonsa ba ta da alaƙa da abin da aka zuba a ciki.

Wasu abubuwan da ke fasa bututu

Toshewar bututu na daga cikin manyan dalilan fashewar bindigar farauta a ko'ina cikin duniya. Taɓon damina idan bakin bindiga ya caki ƙasa, ko tsumman da aka cusa domin kare ƙura aka manta da shi, ko gidan da zanzaro ya gina a bututun bindigar da aka jingine a ɗaki, kowane ɗayansu ya isa.

Bugu da ƙari akwai kuskuren haɗa harsasai masu lamba daban-daban a aljihu ɗaya. Harsashi mai lamba 20 ya fi na 12 siranta, idan aka sa shi sai ya zurma cikin bututu ya tsaya. Mai bindiga ya ga gurbi babu komai ya ƙara mai lamba 12 a bayansa, daga nan sai fashewa. Saboda haka ne kamfanoni da yawa ke yin kwanson lamba 20 da launin rawaya.

Raunin da irin wannan hatsari ke jawowa yakan faɗa ne a kan yatsun hannun da ke riƙe da gaban bindiga da kuma idanu. Daga Sabon Birni zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato kuwa tafiya ce ta fiye da kilomita 100, a kan hanyar da ita kanta ta sha fama da masu satar mutane.

Ko ƙarin ƙarfin na da amfani?

Ko da a bindigar da aka ƙera dominsa, abin da Magnum ke ƙarawa shi ne yawan dalma. Kwanso mai 70 na manyan ƙwayoyi yakan ɗauki guda tara, mai 76 kuma guda 15, amma saurin fitarsu kusan ɗaya ne. Ƙwayar dalma mulmulalliya na saurin rasa gudu a iska, shi ya sa amfanin bindigar farauta bai cika wuce mita 40 zuwa 50 ba, ko da yake ƙwayar da ta kauce na iya raunata wanda bai ji ba bai gani ba a nesa da haka. AK-47 kuwa na iya samun abin da aka auna daga kimanin mita 300.

Ke nan sauya harsashi ba ya cike wannan giɓi. Abin da mai harbi zai samu tabbas shi ne ƙarin naushi a kafaɗa, wanda ke ɓata saiti ya kuma jinkirta harbi na biyu, sannan ma'ajiyar bindigar kan ɗauki harsasai ƙasa da yadda ta saba.

Matsayin doka

Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, na ƙashin kai, waɗanda Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke bayar da lasisinsu, sai masu ɗurin baki, waɗanda ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta cire bindigar farauta mai na'urar sake loda harsashi daga rukuni na biyu, kuma a 2018 rundunar 'yan sanda ta lissafa fam-akshan cikin makaman da ta umarci jama'a su miƙa.

Batun ya daɗe yana jawo taƙaddama. A 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta haramta ƙungiyar 'yan sa-kai a jihar Sakkwato bisa zargin kisan gilla. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta shawarci mutanen Zamfara da su nemi lasisin bindiga, amma Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Daga bisani jihohin suka koma kafa rundunonin tsaron al'umma: Katsina a 2023, Zamfara da Sakkwato a 2024.

Ga duk wanda doka ta ba damar riƙe irin wannan bindiga, ko maharbi ne ko jami'in tsaron al'umma, ƙa'idojin ba su da yawa. Ya karanta lambar da ke jikin bututu, kada tsawon harsashi ya wuce ta. Ya fitar da harsasai ya leƙa bututun kafin ya fita aiki. Ya ajiye harsasai nesa da danshi da zafin rana da kuma hannun yara. Idan bututun ya kumbura ko ya tsage ko tsatsa ta ci shi, ko kuma babu wani rubutu a jikinsa, to ya jingine bindigar har sai ma'aikacin makamai na hukuma ya duba ta.