Kiwon Kaji Masu Gashi a Ƙafa

'Yan'uwa, kazar nan mai gashi har kan yatsu, wadda ake kira Burahma, ta soma shiga gidajenmu a Masanawa da kewayen Gwarzo da Kabo. A Amurka aka samar da ita wajen 1850, daga kajin ƙasar Sin. Zakaranta yakan kai kilo 5, kuɗinsa kuma ya fi na kazar gida nesa ba kusa ba.

Gashin ƙafar da ke jan idon mai saye, nan ne wahalarta take. Da damina laka takan manne masa, ƙafa ta kwana a jiƙe har ta yi gyambo. Saboda haka mu shimfiɗa buntun shinkafa a akurki, mu riƙa canza shi. Akwai kuma ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, masu shiga ƙarƙashin ɓawon ƙafa, gashi ya rufe ɓarnarsu. Kowane mako mu ɗauki kazar, mu buɗa gashin mu duba. In fatar ta yi kaushi ta ɗaɗɗaga, a wanke da ruwan ɗumi, a busar, a shafa basilin, a maimaita bayan 'yan kwanaki. Kada a fige gashin, wanda ke tsirowa jini yake yi.

Kazar ƙasar sanyi ce, zafin Afrilu yana iya kashe ta in babu inuwa da ruwa. Kafin hunturu kuwa, mu nemi malamin dabbobi ya yi mata rigakafin cutar Newcastle.