Kuɗin Tare Hamada: Ina Ake Samo Su?

A shekarar 2007 ne Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa shingen itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, tsawon kimanin kilomita 8,000, domin tare gurgusowar hamada. Daga baya aka faɗaɗa manufar, ta koma farfaɗo da hekta miliyan 100 na ƙasar da ta gaji kafin shekarar 2030. Amma wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa hekta miliyan 4 kacal aka farfaɗo a yankin da aka shata. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da suka yi wa aikin tarnaƙi shi ne kuɗi.

Dalili kuwa shi ne itace ba ya biyan bashi da wuri. Mai jari yakan yarda ya zuba dukiyarsa a tashar lantarki mai aiki da hasken rana, saboda za a sayar da wuta a mayar masa da uwar kuɗi har da riba. Amfanin itace kuwa, wato riƙe danshi da kare shuka daga iska da ƙara wa ƙasa ƙarfi, sai bayan shekaru yake bayyana, kuma jama'a ne ke raba shi, babu wanda zai tara shi a aljihu guda. Saboda haka irin wannan aiki ya dogara ne ga tallafi ko ga baitulmalin gwamnati.

Tallafin kuwa tafiyar hawainiya yake yi. A taron Kofanhegan na 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, amma sai a 2022 aka cika adadin, kuma mafi yawan abin da ya fito daga gwamnatoci da bankunan raya ƙasa rance ne. Rance ga ƙasar da bashi ya riga ya yi wa katutu ai ƙarin kaya ne. Nijeriya ta gwada wata hanya a 2017, inda ta sayar da takardun lamuni na kare muhalli na naira biliyan 10.69, aka ware wani kaso domin dashen itatuwa.

Abin mamaki, nasara mafi girma a wannan yanki ba ta ci kuɗi mai yawa ba. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka soma barin tohon da ke fitowa daga kututture idan sun zo sharar gona. Sukan zaɓi rassa masu ƙarfi su sassabe sauran, su tsare su daga dabbobi har su zama itace. Da yake saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa, ba a bukatar sayen dashe ko ban ruwa. Gawo ya fi samun gata, domin da damina yake zubar da ganye, inuwarsa ba ta danne gero. Abin da ya ƙarfafa gwiwar manoma shi ne sassaucin da aka yi wa dokokin daji, har manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina shi zai ci moriyarsa. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.