Shin Ko Kun San? Fistol ɗin Ɗan Sanda da Ƙurar Iyakar Jibiya

Shin ko kun san cewa a shingayen binciken da ke hanyar Katsina zuwa Jibiya, har a kai Magama a tsallaka Ɗan Isa ta Nijar, da wuya ku ga ƙaramin ɗan sanda da fistol a ƙugu? AK-47 ce rataye a kafaɗa. Fistol ta manya ce, irin su baturen 'yan sanda da masu farin kaya. Dalilin a fili yake: fistol ba ta da tabbas idan abin harbi ya wuce mita 50, AK kuwa tana kai mita 300, kuma ita ce a hannun 'yan bindigar da suka addabi ƙauyukan Bugaje da kewaye.

Ko kun san fistol ɗin da jami'an tsaron Najeriya suka daɗe da ita ta girmi 'yancin kan ƙasar? Browning Hi-Power ke nan, wadda kamfanin FN na Beljiyam ya fitar a 1935, mai cin harsashi 13. John Browning da ya fara zana ta ya rasu tun 1926, wani ne ya ƙarasa aikin. Kamfanin DICON na Kaduna, wanda aka kafa a 1964, ya ƙera irinta a gida. Sojan Birtaniya bai ajiye ta ba sai 2013, lokacin da ya koma Glock 17.

Shi kuwa Gaston Glock ɗan Ostiriya, sandunan rataye labule da wuƙaƙe yake yi kafin ya taɓa ƙera bindiga. Sojan ƙasarsa ya karɓi tasa a farkon shekarun 1980, mutane na yi mata dariya wai bindigar roba. Sassanta talatin da 'yan kai ne kawai, tana cin harsashi 17, kuma ba ta son mai da yawa. A ganina wannan na ƙarshe shi ya fi shafar wanda ke gadi a iyaka.

Ga inda gizo ke saƙar. Amurka ta ɗauki Beretta ta Italiya a 1985, bindiga mai kyau wadda ta ci gwaji. Da aka kai ta Iraƙi sai sojoji suka fara kukan tana cijewa. Da aka bincika, ashe laifin yawanci ba nata ba ne, na gidan harsashi ne: wani shafi mai kaushi da aka yi wa cikinsa shi ke riƙe lallausan rairayi, harsashi ya kasa hawa. Aka sauya shafin, kukan ya ragu. To ku tuna hunturun Jibiya, lokacin da hazo ke rufe gari, ƙura ta shiga har cikin aljihu. Fistol da aka lafta wa mai ta yini a kube a bakin titi, kafin magariba mai da ƙura sun haɗu sun zama taɓo. Ƙara da sifirin ɗin gidan harsashi da ya gaji, da harsashin da ya sha damina a rumbun makamai. A nan yawancin cijewa ke fitowa, ko wane suna aka buga a jikin ƙarfen.

Ko kun san akwai matsalar da ta fi cijewa tsoratarwa? A 2017, shekarar da sojan Amurka ya zaɓi SIG Sauer P320, aka nuna tana iya tashi idan ta faɗi ƙasa ta wata kusurwa. Kamfanin ya yi gyara kyauta. Duk da haka 'yan sandan birnin Milwaukee na Amurka sun yanke shawarar barin ta a 2022 bayan jami'ansu sun ji rauni, alhali kamfanin na nan a kan bakansa cewa ba ta tashi sai an ja kunama.

Kada wani ya karanta wannan ya fara sha'awa: Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, lasisinsu sai daga shugaban ƙasa.