Sauya Faifan Ajiya: Hanya Mai Rahusa Ta Farfaɗo Da Tsohuwar Kwamfuta

LEGAS — Tun daga watan Yunin shekarar 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa ragamar farashin Naira, sayen sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ya zama abin da ƙananan 'yan kasuwa da ɗalibai ke yi wa dogon tunani. Dalar Amurka da ake canzarwa a kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati kafin wannan mataki, ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Kasancewar kusan dukkan waɗannan na'urori daga ƙetare ake shigo da su, sababbi da na gwanjo, tsadar ta sauka kai tsaye a kan mai saye.

A irin wannan hali ne aikin da masu gyara a kasuwar kwamfuta ta Ikeja suka daɗe suna yi ya ƙara daraja, wato cire tsohon faifan ajiya mai juyawa a maye gurbinsa da ma'ajiyar da ake kira SSD.

Dalilin da ya sa wannan sauyi ke da tasiri yana cikin ƙirar na'urorin biyu. Tsohon faifai ƙarfe ne ko gilashi da ke juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya, yayin da wani ɗan hannu ke kai-komo a kansa yana neman bayanai kamar allurar garmaho. Kowane nema na cin fiye da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, kuma kwamfuta na yin dubban irinsa kafin ta gama kunnuwa. Ita kuwa SSD babu abin da ke motsi a cikinta. Tana ajiye bayanai ne a ƙwayoyin lantarki irin na NAND, fasahar da Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980. Inda tsohon faifai ke isar da kimanin megabait 100 a daƙiƙa, SSD mai mahaɗin SATA na kai wa 500 ko sama da haka, kuma saurin gano bayani ya fi wannan tazara nesa ba kusa ba.

Ta fuskar tattalin arziki, darasin a bayyane yake. A yawancin tsofaffin kwamfutoci, ƙwaƙwalwar lissafi ba ita ce ta gaza ba. Jiran faifai take yi. Mai shagon buga takardu ko akawun da ya jefar da na'urar dungurungum saboda nawa, ya biya kuɗin allo da madannai da batir da bai buƙata domin ya magance matsalar sashe ɗaya tak. Farashin SSD mai matsakaicin girma kaso ne ƙalilan na farashin sabuwar kwamfuta, ga shi kuma kuɗin aikin na shiga aljihun mai gyara na gida maimakon ya bi Dala zuwa waje. Akwai wata fa'idar da mazauna Legas za su fi kowa ganewa: faifai mai juyawa ba ya jure jijjigar bas da gargadar hanya, SSD kuwa ba ruwanta.

Sai dai fa akwai abubuwan lura kafin a zura hannu a aljihu. Akasarin tsofaffin na'urori na ɗaukar SSD mai faɗin inci 2.5, yayin da na baya-bayan nan ke amfani da siririyar nan ta M.2, don haka wajibi ne a tabbatar da irin gurbin tukuna. Na'urorin da suka tsufa ƙwarai, masu tsohon mahaɗin SATA na biyu, ba za su wuce megabait 300 ba ko da an sa masu mafi tsada, saboda haka sayen mai tsadar asara ce. Haka kuma idan RAM ɗin bai wuce gigabait 4 ba, ya kamata a ƙara shi a lokaci guda.

Babbar barazanar ita ce jabu. Akan samu ma'ajiyoyi masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni alhali girman da aka rubuta a jikinsu ƙarya ne, ko kuma tsofaffi da aka sake wa kwali. Mai saye ya nemi rasit da garanti, ya kuma sa a gwada lafiyar ma'ajiyar a gabansa. A sani kuma cewa idan SSD ta mutu, ceto bayanan cikinta ya fi na tsohon faifai wuya da tsada. Tsohon faifan da aka cire, idan lafiyarsa ƙalau, ana iya sa shi a ɗan akwati mai USB ya zama wurin ajiye kwafi na biyu.

Akwai kuma iyakar da SSD ba za ta iya ƙetarewa ba. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa manhajar Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 na buƙatar sashen tsaro na TPM 2.0 sannan a na'urori masu ƙwaƙwalwar Intel, galibi tana buƙatar zubi na takwas, wanda ya fito a 2017, ko wanda ya biyo bayansa. Kwamfutar da ba ta cika waɗannan sharuɗɗa ba za ta yi sauri da SSD, amma mai hulɗar banki a kanta sai ya zaɓi ɗaya: ko ya koma manhajar Linux wadda kyauta ce, ko ya fara tanadin kuɗin wata na'urar tun yanzu.