Tausa: Hannu Ma Yana Bukatar Karatu

Duk wanda ya ci kasuwar Mirriya ranar Lahadi ya ga tukwane da tuluna da randuna a jere. Maginiyar da ta yi su ta san inda za ta danna yumɓu da ƙarfi. Ta kuma san inda za ta shafa a hankali, domin in ta matsa bakin ɗanyen tulu sai ya rushe. Haka aikin tausa yake a jikin ɗan Adam. Akwai inda matsawa take kawo sauƙi. Akwai inda take kawo ɓarna.

Tausa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Damagaram. Kaka tana yi wa jariri bayan wanka. Ungozoma tana gasa jikin mai jego. Manomi in ya dawo daga gona yakan kwanta a tabarma, ya ce wa yaro ya taka masa baya. Duk mun tashi mun tarar da wannan. Abin da ya rage mana shi ne mu san dalilin abin da hannunmu yake yi, mu kuma san lokacin da ya kamata mu janye shi.

Amfaninta da iyakarta

Idan mutum ya wuni a duƙe yana noma da hauya, ko yana jan guga a garka, naman bayansa yakan ɗaure. Haka wuyan mace da ta sha daka da ɗaukar tulu. Tausa tana sassauta naman da ya ɗaure, ta rage ciwo, ta sa barci mai daɗi. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari a kan ciwon baya wanda ya daɗe. Ta sa tausa cikin abubuwan da za a iya yi, tare da motsa jiki da fahimtar da mai ciwon. Ba ta ce tausa kaɗai ta isa ba.

Mu ma haka muke faɗi. Tausa ba ta kashe zazzaɓin cizon sauro. Ba ta warkar da hawan jini ko ciwon sukari. Ba ta haɗa ƙashin da ya karye. Duk wanda ya ce hannunsa yana maganin kowace cuta, to, kuɗinku yake so.

Yadda ake yin ta ga mai gajiya ba wuya. A wanke hannu da sabulu, a yanke farce. A shafa ɗan man gyaɗa ko man kaɗanya a tafin hannu. A fara da shafa mai sauƙi daga ƙugu zuwa kafaɗa, har jiki ya yi ɗumi. Sa'an nan a riƙa murza naman da yake gefe biyu na ƙashin baya, kamar mai cuɗa fura. Kada a danna ƙashin bayan kansa. A riƙa tambaya: “Da zafi?” In ya ce da zafi, a sassauta. Minti 10 zuwa 15 ya isa. Mace ta yi wa mace, namiji ya yi wa namiji, miji da mata kuwa su yi wa juna.

Batun taka baya, ga shawararmu: a bar shi ga tsofaffi. Ƙashin tsoho ba shi da ƙwari, musamman na tsohuwa. Jikan da yake da nauyi zai iya tsaga mata haƙarƙari, alhali shi taimako ya yi niyya.

Jariri kuma hannu mai taushi yake so. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya yi wa lafiyayyen jariri, wanda watanninsa suka cika, tausa mai sauƙi a duk jiki. Shafa ce kawai, ba murɗa gaɓoɓi ba. Kada a sa mai ko toka a cibiyar da ba ta warke ba. Kada a matse nonon jariri in ya kumbura, zai saɓe da kansa. Kada a danna maɗiga.

Ana iya koyo cikin ƴan kwanaki?

Wasu za su ce aikin jiki sai wanda ya yi dogon karatu. Amma ƙasar Mirriya da kanta ta ba da amsa. Ƙungiyar BEFEN ta ƴan ƙasa da ƙungiyar ALIMA sun yi wani gwaji a gundumar kiwon lafiya ta Mirriya daga 2013 zuwa 2014. A yankin Dogo an koya wa uwaye fiye da 12,000 yadda za su auna dantsen ƴaƴansu da ɗan zaren awo mai kore da rawaya da ja, don gane tamowa. An kuma koya masu danna bayan ƙafar yaro da yatsa don gane kumburi. A yankin Takieta aka bar aikin ga ma'aikatan sa-kai, don a gwada. Da aka duba, sai aka ga uwaye ba su gaza ba. Yaran Dogo sun isa gidan likita da wuri, waɗanda aka kwantar kuma ba su kai na ɗaya yankin yawa ba. Yawancin matan nan ba su taɓa shiga aji ba. Daga baya ƙasashe da yawa sun ɗauki wannan dabara.

Awon dantse ba tausa ba ne, mun sani. Amma ya nuna abu ɗaya. Idan aikin ƙarami ne, an bayyana shi sarai, an gwada shi da hannu a gaban mai koyarwa, to, gajeren horo yana isa. Wannan ba sabon abu ba ne a Nijar. Tun shekarun 1960 ake kiran ungozomomi da ƴan agajin ƙauye a ba su horo na ƴan kwanaki, su koma garuruwansu da akwatin aiki.

Tausar da take tsai da jini

Cikin dukan tausa, akwai wadda muke so kowane gida ya sani, domin rai take ceta. Ita ce tausar mahaifa bayan haihuwa.

Ga yadda abin yake. Lokacin da mace take da ciki, mabiyiya, wadda wasu ke kira uwar tafiya, tana manne a jikin mahaifa. Jijiyoyin jini masu yawa suna wurin. Idan mabiyiya ta fita, wurin ya zama kamar buɗaɗɗen rauni. Allah ya yi mahaifa da nama mai ƙarfi. Idan ta tsuke, sai ta matse bakin jijiyoyin, jini ya tsaya. Idan kuwa ta gaji ta saki, jini sai ya yi ta zuba. Wannan yakan faru ga wadda ta sha doguwar naƙuda, da mai tagwaye, da wadda ta yi haihuwa da yawa. Amma yana iya faruwa ga kowace mace. Zubar jini bayan haihuwa tana kan gaba cikin abubuwan da suke kashe masu jego a duniya, kuma tana iya kashewa cikin awa biyu.

Bayan mabiyiya ta fita, a ɗora hannu a kan ciki, daidai cibiya ko ƙasa da ita kaɗan. Mahaifa mai lafiya za a ji ta da tauri, kamar ƙaramar kabewa ɗanya. Idan an ji ta da laushi, jini kuma yana zuba, sai a murza wurin da tafin hannu, ana kewayawa, da ɗan ƙarfi, har a ji ta yi tauri. Da zafi, mai jego za ta yi ƙara. A ba ta haƙuri, a ci gaba. A sa ta yi fitsari, domin cikakkiyar mara tana hana mahaifa tsukewa. A ba jariri nono, domin tsotso yana taimaka mata. A riƙa sake taɓawa kowane minti 15 har awa biyu. Ita mai jegon ma ana iya nuna mata ta riƙa taɓawa da kanta.

Jinin da ya kai rabin lita ya yi yawa. A gida ba mu da ma'auni, amma in zane ya jiƙe sharkaf, ko mace ta fara jiri da gumi mai sanyi, kada a jira gari ya waye. Ɗaya tana murzawa, wani yana neman mota ko amalanke. A ci gaba da murzawa a hanya. Maigida, wannan aikinka ne: ka tanadi kuɗin mota da lambar direba tun ciki yana wata bakwai.

Tausa tana sayen lokaci ne kawai. Magani yana gidan likita. Shi ya sa haihuwa a can ta fi. Nijar ta yi wani shiri na ƙasa baki ɗaya a kan zubar jini, da ƙwayar misoprostol da wasu kayan aiki masu araha. Binciken da aka buga a 2023 ya nuna cewa mutuwar masu jego ta dalilin jini ta ragu da fiye da rabi a gidajen likita. A wannan shekarar kuma aka bayyana sakamakon wani gwaji a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano tana cikin jagororinsa. Dabarar ita ce a auna jini da wuri, sa'an nan a haɗa tausar mahaifa da allurai da ƙarin ruwa a lokaci ɗaya. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kashi 60 cikin 100.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi. Wannan tausa ta bayan haihuwa ce. Kada a danna cikin mace tana naƙuda don a turo ɗa. Kada a ja cibiya da ƙarfi don a fitar da mabiyiya. Mahaifa tana iya fashewa ko ta juyo waje.

Wanda jikinsa ya shanye

Idan bakin mutum ya karkace farat ɗaya, ko hannu da ƙafa suka mutu, ko magana ta sarƙe, wannan ba lokacin tausa ba ne. Asibiti za a nufa nan take. Bayan an sallamo shi ne aikin gida yake farawa. Gaɓar da ba ta motsi takan sandare. Saboda haka kullum a riƙa lanƙwasa masa yatsu da gwiwar hannu da gwiwar ƙafa, a miƙe su a hankali. A riƙa juya shi kowace awa biyu, don kada kwanciya ta ci masa baya. Kada a ɗaga shi ta hannun da ya mutu, kafaɗa tana iya gocewa. Kafin ku bar asibiti, ku roƙi ma'aikacin motsa gaɓoɓi, wanda ake kira kine, ya nuna wa mai jinya da hannunsa, ita ma ta yi a gabansa.

Yaro kuwa, in ƙafarsa ta yi laushi farat ɗaya, a kai shi gidan likita a ranar. Tun 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna, amma wani nau'inta ya ci gaba da ɓulla a wuraren da rigakafi bai kai ba. Tausa ba ta hana ta. Ɗigon rigakafi ne yake hanawa.

A Damagaram akwai cibiyar ƙungiyar Sentinelles, wadda take kula da yara masu ciwon noma tun 1992. Ba noman gona ba, wani ciwo ne da yake cin baki da kumatu. Idan gyambon ya warke, tabon yakan ɗaure muƙamuƙi har yaro ya kasa buɗe baki. Motsa muƙamuƙi da murza tabo kullum suna cikin jinyarsa, kuma aiki ne na watanni.

Inda hannu zai tsaya

Wanda ya faɗo daga bisa itace ko babur, yana kukan wuya ko baya, kada a murza shi, kada a zaunar da shi. A ɗauke shi a miƙe bisa ƙyaure ko katako. Ƙafa ɗaya da ta kumbura ta yi zafi, musamman ga mai jego ko wanda ya daɗe a kwance, kada a taɓa ta. Wataƙila jini ne ya daskare a jijiya, murzawa kuma tana iya tura gudan zuwa huhu. Haka maruru, da ƙuna, da wurin saran maciji. Yaron da ƙafafunsa biyu suka kumbura, tamowa ce, abincin magani yake bukata. Ciwon baya da ya zo da zazzaɓi, ko rama da dogon tari, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, na likita ne.

Wajen wa za a koya? A fara da ungozomar gidan likita ranar awon ciki, da ma'aikacin lafiya na garinku. In ƙungiyar mata ko ajin yaƙi da jahilci suka haɗa kai suka roƙa, ana iya ware masu yini guda. Idan wani ya zo yana tallar horo na kuɗi, ku tambaye shi inda ya yi karatu, ku tambaya ko hukumar lafiya ta gunduma ta san da shi. Ku lura kuma ko yana koyar da wuraren da ba a taɓawa. In bai ambace su ba, ku riƙe kuɗinku. Takardar mako ɗaya ba ta mai da mutum kine, domin shi kine shekara uku ko fiye yake yi yana karatu. Wanda ya yi gajeren horo mai taimako ne a gida da unguwa.

Mai ciki da za ta je awo wannan wata, ta tafi da wadda za ta zauna da ita ranar haihuwa, uwa ce ko uwar miji ko kishiya. Su ce wa ungozoma ta kama hannunsu, ta nuna masu inda mahaifa take zama bayan haihuwa da yadda ake murza ta.